Kashgar: An Rushe Unguwa, An Gina Wurin Ɗaukar Hoto

Daren Juma'ar da ta wuce wani abokina ya turo mini bidiyo a WhatsApp. Wani matafiyi ne ya ɗauka a ƙofar tsohon birnin Kashgar, can yammacin ƙasar Sin. 'Yan mata sanye da alharini mai ratsi-ratsi suna rawa, maza na kaɗa ganguna, ga raƙuma an yi musu ado, ga gurasa an jera a bakin tanderu. Titin fes, bango duk launin jar ƙasa, kamar jiya aka yaɓe shi.

A ƙasan bidiyon abokin nawa ya rubuta: "To, ƙaryar Turawa ta ƙare. Dubi yadda Musulmin Sin ke cikin walwala."

Na kalla sau biyu, abin ya tsaya mini a rai. Ban ga laifinsa ba, domin bidiyon yana da kyau, kuma Turawan nan sun sha yi mana ƙarya. Abin da ya dame ni shi ne birnin da yake yabo a matsayin tsoho, yawancinsa bai kai shekara 20 da ginawa ba. Na asalin katafila ta bi ta kansa.

Ra'ayina ke nan tun daga farko: rusau ɗin da aka yi wa unguwannin 'yan ƙabilar Uigur, Musulmin yankin Xinjiang, a biranen Kashgar da Urumqi da Hotan, bai zama maganin rikicin ƙabilanci ba, kuma tsoron girgizar ƙasa kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. An karɓe wa mutane ikon faɗa a ji a kan wurin zamansu, aka mayar musu da unguwar da ɗan sanda zai ji daɗin sintiri a ciki, baƙo ya ji daɗin ɗaukar hoto. Masu ganin akasin haka suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wane gari ne Kashgar?

Kashgar yana yankin Xinjiang, a gefen hamadar Taklamakan, ya fi kusa da Kabul da Islamabad fiye da Beijing. Nan ayarin fatake na hanyar siliki ke yada zango kafin su hau duwatsun Pamir. Musulunci ya kafu a yankin tun ƙarni na 10, lokacin da sarki Satuk Bughra Khan ya musulunta. Daga wannan ƙasa Mahmud al-Kashgari ya fito, malamin da ya rubuta ƙamus na harsunan Turkawa da Larabci a wajajen 1070. Babban masallacin garin, Id Kah, an kafa shi a 1442, wato kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano.

Duk wanda ya taɓa ɓata a lungunan cikin birnin Kano ko Zinder zai gane tsohon Kashgar ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ginin ƙasa ne da katako, gida manne da gida, lungu ya shiga lungu. Idan iyali suka ƙaru, sai a ɗora ɗaki a sama, wani lokaci ɗakin ya tsallaka lungun ya zame masa rufi. Har daɓen ƙasa yana magana: tubali mai kusurwa shida yana nuna lungun na ɓullewa, mai kusurwa huɗu kuwa ka san gaba bango ne. Kowace unguwa, wadda suke kira mahalla, tana da ƙaramin masallacinta da sana'arta. Ga layin maƙera, ga na masu ɗinkin hula, ga maginan tukwane a kan tudu.

A farkon 2009 hukumomi suka fara aikin da aka ce zai shafi kusan kashi 85 cikin 100 na tsohon birnin, da mutane wajen 220,000. Daga baya gwamnati ta ce kuɗin da aka kashe ya kai yuwan biliyan 7. Cikin 'yan shekaru aka share yawancinsa. Wasu iyalai aka kai su benaye a bayan gari, wasu suka dawo cikin gidajen bulo da kankare da aka shafa wa fenti mai kama da ƙasa.

"Ai girgizar ƙasa ake gudu"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi, ba zan raina ta ba. A watan Mayun 2008 girgizar ƙasa a lardin Sichuan ta kashe mutane kusan 70,000. A 2003 wata ta afka wa Bachu, a yankin Kashgar ɗin kansa, ta kashe sama da 250. A ƙarshen shekarar kuma birnin Bam na Iran, wanda shi ma ginin ƙasa ne, ya rufta da mutane fiye da 26,000 a asuba ɗaya. Ƙari a kan haka, ƙarƙashin tsohon Kashgar cike yake da ramukan da aka haƙa zamanin Mao don tsoron harin Tarayyar Sobiyat. Gidaje da yawa ba su da magudanar ruwa ko masai na kirki, motar kwana-kwana ba ta iya shiga lungu.

Wanda bai taɓa kwana a ɗakin ƙasa damina na zuba yana sauraron ƙarar azara ba, shi ne zai yi ta waƙar kyawun ginin gargajiya daga nesa. Na yarda akwai matan Kashgar da suka yi murna da samun famfo da banɗaki a cikin gida. Ba ni da bakin da zan ce musu su koma ɗaukar bokiti don ni in ji daɗin kallon hoto.

Amma gyara daban, sharewa daban. Ƙasar Sin ta san bambancin, domin ta taɓa yi. A 1996 girgizar ƙasa ta lalata tsohon garin Lijiang a lardin Yunnan. Ba a kawo katafila an ƙarasa shi ba. An gyara shi a kan tsarinsa na da, shekara guda bayan haka UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Iran, da ta ɗanɗana abin da ya faru a Bam, ba ta rushe Yazd ba, birnin ƙasan nan ya shiga jerin UNESCO a 2017. Agadez ta shiga a 2013, masallacinta na ƙasa yana nan tsaye, ana yaɓe shi lokaci zuwa lokaci.

Kuma kankare ba laya ba ce. A Sichuan ɗin da ake kafa hujja da ita, makarantun siminti ne suka rufta wa ɗalibai, gwamnati da bakinta ta ce yara sama da 5,000 suka mutu ko suka ɓace.

Ga wani abu da ya sa na ce biri ya yi kama da mutum. A 2014 Sin da Kazakistan da Kirgistan suka yi nasarar sa wani ɓangare na hanyar siliki cikin jerin UNESCO, wurare 33. Kashgar ba ta ciki. A yi lissafin hanyar siliki a bar Kashgar, kamar a yi lissafin kasuwancin Sahara ne a bar Agadez da Kano. Da an sa ta, da idon duniya ya hau kan kowane bango kafin a taɓa shi. Majalisar Tarayyar Turai ta yi kira a watan Maris na 2011 da a dakatar da rusau ɗin, a saurari mazauna. Aikin bai tsaya ba.

Wa aka tambaya?

Hukumomi sun ce an tuntuɓi mazauna gida-gida, har an bar kowa ya zaɓi fasalin ginin da yake so. Mu ɗauka haka ne. To wanda ya ce shi ba ya so a taɓa gidansa kwata-kwata fa, ina zai kai ƙara? Wace jarida zai gaya wa? Wane lauya zai tsaya masa?

A ƙasar da a'a ke iya kai mutum gidan yari, e ba ta da wani nauyi. Ilham Tohti, malamin tattalin arziki ɗan Uigur a wata jami'a a Beijing, bai taɓa kiran a raba ƙasa ba. Rubutu yake yi kan rashin aikin yi da wariyar da ake nuna wa mutanensa, yana kira a zauna a tattauna. A watan Satumban 2014 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Idan haka ta faru da malamin jami'a da duniya ta sani, me ake so maƙerin da ke lungu ya ce wa jami'in da ya zo da takarda da biro?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai tanderun da ke sayar da gurasa a ƙofar gidansa, gidan ne shagonsa, maƙwabta ne masu cinikinsa. Ka ɗauke shi ka kai hawa na biyar a bayan gari, ka ba shi famfo amma ka karɓe abincinsa. Tsohuwar da ke leƙa gida uku kafin azahar, ta karɓi wuta a nan, ta bar jika a can, yanzu tana zaune a bayan ƙofar ƙarfe ba ta san wanda ke ɗakin da ke kallon nata ba. Masallacin unguwa, inda dattawa ke sasanta rigimar aure da ta bashi kafin ta kai ga hukuma, jama'arsa sun watse. Babu injiniyan da ke sa waɗannan a takardar diyya, alhali su ne unguwar.

"Lungunan nan maɓoyar 'yan ta'adda ce"

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. An zubar da jini, kuma akwai 'yan Uigur da suka zubar da shi.

A watan Agustan 2008, ana gab da buɗe wasannin Olamfik, wasu mutum biyu suka kai wa 'yan sanda hari a Kashgar, 16 suka mutu. Ranar 5 ga Yulin 2009 birnin Urumqi ya kama da wuta. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 197 suka mutu, sama da 1,700 suka ji rauni, yawancinsu 'yan ƙabilar Han mai rinjaye a ƙasar Sin, masu shago da fasinjojin bas da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A watan Maris na 2014 aka kashe mutum 31 da wuƙaƙe a tashar jirgin ƙasa ta Kunming. A watan Yulin shekarar aka kashe limamin Id Kah, Jume Tahir, bayan sallar asuba. Babu abin da zai halatta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya sari mai tallan kayan miya don yana jin haushin gwamnati, mai kisan kai ne, ko da wane harshe yake salla.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Rikicin Urumqi ba a lungu aka ƙulla shi ba. Ya faro ne daga wata masana'antar kayan wasan yara a Shaoguan, can lardin Guangdong, dubban kilomitoci daga Xinjiang. An kai matasan Uigur daga yankin Kashgar su yi aiki a can. Wani ya baza jita-jita a intanet cewa sun yi wa mata 'yan Han fyaɗe, abin da hukuma daga baya ta ce ƙarya ne. A ƙarshen watan Yuni ma'aikata suka far musu cikin dare, aka kashe aƙalla biyu, hotunan suka bazu. Matasa suka fito a Urumqi suna neman a yi bincike. Zanga-zangar ta fara cikin lumana, ta rikiɗe ta zama kisa. Kwana biyu bayan haka gungun 'yan Han suka fito da sanduna neman ramuwa.

Mu da muka san yadda jita-jita guda ke tayar da gari, ba sai an fassara mana wannan ba.

Ƙarƙashin jita-jitar kuma akwai tsohon ciwo. A ƙidayar 1953 'yan Han kusan kashi 6 cikin 100 ne na mutanen Xinjiang. A ƙidayar 2020 sun haura kashi 42, Uigur kuma kusan 45. Yankin na da man fetur da iskar gas da kwal, shi ke noma mafi yawan audugar ƙasar, amma matashin Uigur da ya gama jami'a ya sha ganin tallan aiki da aka rubuta cewa ɗan Han ake nema. Harshensa ana ta janye shi daga aji. Wanne daga cikin waɗannan katafila za ta gyara?

Duk da haka katafilar aka aika. A 2010 aka rushe Heijiashan, wata unguwar talakawa a Urumqi da 'yan ci-ranin Uigur daga kudu suka cika, jami'ai na cewa matattarar masu tayar da fitina ce. An katse intanet a duk yankin na kusan wata 10. An kama mutane da yawa, an zartar wa wasu hukuncin kisa, wasu iyayensu ba su sake jin ɗuriyarsu ba.

Da rusau magani ne, da shekarun da suka biyo baya sun yi sanyi. Sai ga shi 2011 an kai hare-hare a Hotan da Kashgar, 2013 da 2014 kuma su ne mafi muni. Bayan rikicin Kaduna na 2000, duk da irin ɓarnar da aka yi, ban ji wani mai hankali ya ce a share Tudun Wada ko Kakuri don a samu zaman lafiya ba. Kowa ya san ba bango ne ya ɗauki adda ba.

"To ai yanzu shiru kake ji"

Gaskiya ne, tun wajajen 2017 ba a sake jin wani babban hari ba, kuma gwamnatin Sin na alfahari da hakan. Sai dai a duba da me aka sayi shirun.

Bayan Chen Quanguo ya karɓi ragamar jam'iyyar Kwaminis mai mulki a yankin a 2016, aka cika birane da ƙananan ofisoshin 'yan sanda da shingayen bincike da kyamarori. Aka manna wa gidaje lambar da jami'i zai haska da waya ya ga sunayen mutanen ciki. Aka aika ma'aikatan gwamnati sama da miliyan guda su riƙa kwana a gidajen mutane da sunan zumunci. Ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajar da 'yan sandan yankin ke amfani da ita, ta tarar cewa cikin abubuwan da ke sa a zargi mutum har da yawan shiga gida ta ƙofar baya, da rashin hulɗa da maƙwabta.

Ƙofar baya. A nan ne na gane dalilin da ya sa tsohon lungu ya zama abokin gaba. Gari mai lunguna da soraye da hanyoyin kan rufi ba ya kalluwa da kyamara. Miƙaƙƙen titi mai faɗi da gida mai ƙofa ɗaya su ne ke kalluwa.

A 2018 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ya samu sahihan rahotanni cewa ana tsare da mutane kusan miliyan guda a sansanoni. Beijing ta fara musantawa, daga baya ta ce makarantun koyon sana'a ne, a ƙarshen 2019 ta ce duk ɗaliban sun kammala. Ranar 31 ga Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar ya fitar da rahoton da ya ce abin da aka yi zai iya kaiwa matsayin laifin cin zarafin bil'adama. Sin ta yi watsi da shi.

Gidan da maigida ya ɗaure kowa ya toshe masa baki, maƙwabta ba za su ji hayaniya ba. Ban san wanda zai kira wannan zaman lafiya ba.

Abin da girgizar ƙasa ba ta bayyana ba

Ko da na sallama duk maganar girgizar ƙasa, akwai abubuwan da suka rage a hannu.

Kabari ba ya rufta wa kowa. Amma a 2019 kamfanin dillancin labarai na AFP ya bi hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙirga maƙabartun Uigur 45 da aka share tun 2014. Hubbaren Ordam da ke tsakiyar hamada, inda dubban mutane ke zuwa ziyara, babu gidan kowa kusa da shi, shi ma an baje shi. Rahile Dawut, malamar jami'a da ta ƙarar da rayuwarta tana rubuta tarihin waɗannan hubbarori, ta ɓace a ƙarshen 2017. Sai a 2023 aka samu labarin cewa ɗaurin rai da rai aka yi mata.

Na san a cikinmu akwai masu cewa ziyarar kabari bidi'a ce, rushe hubbare ba asara ba ne. Wannan muhawara ce ta malamai, a bar musu. Jam'iyyar da ba ta yarda da samuwar Allah ba, ba don tsarkake tauhidi ta aika katafila ba. Kuma masallatai ma ba su tsira ba. Wata cibiyar bincike ta ƙasar Ostareliya, ASPI, ta ƙiyasta a 2020 cewa masallatai wajen 16,000 a yankin an rushe su ko an lalata su, wasu an cire musu ƙubba da hasumiya. Ƙiyasi ne daga hotunan sama, gwamnatin Sin ta ƙaryata, cibiyar kuma tana karɓar kuɗi daga gwamnatocin Yamma, duk na sani. A rage adadin zuwa rabi, a sake rage shi. Abin da ya saura ma ya isa tashin hankali.

Id Kah dai yana nan, baƙo na sayen tikiti ya shiga kallo. A 2021 limaminsa ya gaya wa 'yan jaridar AP cewa masu zuwa sallar Juma'a ba su wuce 800 zuwa 900 ba, alhali shekara 10 kafin nan sukan kai 4,000 zuwa 5,000. Ya danganta hakan da sauyin rayuwar matasa. Kowa ya auna da hankalinsa.

Har suna bai tsira ba. A 2024 Human Rights Watch ta nuna cewa an sauya wa ƙauyuka wajen 630 sunayen da ke da alaƙa da addini ko tarihin Uigur, aka mayar da su irin su "Farin Ciki" da "Haɗin Kai". Wace girgizar ƙasa ce suna ke jawowa? Idan aka jera gida da kabari da masallaci da suna, sai ka ga an fake da guzuma ne an harbi karsana.

"Kowa ma yana rusau"

Wani zai ce me ya sa aka tsangwami Sin? Ita kanta Beijing ta rushe yawancin tsoffin lungunanta, na 'yan Han ne kuwa. Saudiyya ta baje ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya a 2002 ta gina dogayen benaye a gefen Harami. Mu ma nan ganuwar Kano ana ta yankanta ana gina shaguna, muna kallo.

Duk gaskiya ne, laifi tudu ne. Ina cikin masu jin takaicin ganuwa duk lokacin da na wuce.

Bambancin shi ne mutumin Beijing da aka rushe wa lungu ya rasa gida, amma bai rasa harshensa a makaranta ba, ba a sauya sunan garin kakansa ba, ba a kai shi sansani don ya bar gemu ko ya yi waya da ɗan'uwansa a Turkiyya ba. Masu yanka ganuwar Kano kuwa 'ya'yan Kano ne, kwaɗayi ne ke ɗibarsu, kuma gobe da safe za ka iya shiga rediyo ka zage su tas ka koma gida ka yi barci. A Kashgar wanda ya yanke hukunci daga nesa yake, wanda hukuncin ya hau kansa kuma ba shi da rediyon shiga.

"Farfagandar Amurka ce"

Wannan ita ce ainihin maganar abokina. Amurka ta damu da Uigur ne saboda tana gasa da Sin, ban yi musu ba. Ƙasar da ta tsare 'yan Uigur 22 a Guantanamo, daga baya ta yarda ba abokan gabanta ba ne, ba ita za ta koya wa kowa tausayinsu ba. Wanda ya ga abin da aka yi wa Gaza da makaman Amurka yana da dalilin toshe kunne idan Washington ta fara wa'azi.

Amma maƙaryaci ya ce maka gidan ɗan'uwanka na cin wuta, kai dai ka leƙa. Rusau ɗin Kashgar ba sirri ba ne da wata hukumar leƙen asiri ta tono. Gwamnatin Sin ce ta sanar da shi, ta faɗi kuɗinsa, ta yi alfahari da shi. A 2015 ta ba sabon "tsohon birnin" matsayi mafi girma na wuraren yawon buɗe ido a ƙasar. Hotunan sama na kafin da bayan suna nan, duk mai waya da data zai iya dubawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namu shugabannin. A watan Maris na 2019, a Abu Dhabi, ministocin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi suka yaba wa Sin kan yadda take kula da Musulminta. A watan Yulin shekarar ƙasashe 37 suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan manufofinta a Xinjiang, Nijeriya na ciki, tare da Saudiyya da Masar da Pakistan. A watan Oktoban 2022 aka kawo ƙudiri a Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ba na hukunta kowa ba, na a zauna a tattauna rahoton kawai. Ya faɗi da ƙuri'a 19 a kan 17. Cikin masu cewa a'a akwai Pakistan da Katar da Daular Larabawa da Indunusiya da Sudan da Senegal. Somaliya ce ta ce e.

Na san dalili. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna da bashin Sin aka gina shi, matatar mai ta Zinder da haɗin gwiwar kamfaninsu ta tashi. Bakin da ya ci shi ke kunya. Ban ce a yanke hulɗa da Sin ba, ban ce a bi bayan Amurka ba. Tsakanin zagi da yabo akwai shiru, ko shirun ma da an yi da ya fi sa hannu.

Haka na rubuta wa abokina, ba da wannan tsawon ba. Na ce masa ya sake kallon bidiyon, ya bar kallon masu rawa, ya duba bayansu. Ya ƙirga kyamarorin da ke kan bango. Ya ƙirga matan da suka yafa mayafi da dattawa masu gemu, a garin da shekara 20 da suka wuce ba ka iya ƙirga su. Ya tuna cewa rawar nan ta bakin ƙofa kullum ake yin ta, a kan lokaci, don baƙi.

Sannan na tura masa hotuna biyu na sama, na maƙabartar Sultanim da ke tsakiyar Hotan, wadda ta daɗe ana binne mutanen garin a cikinta. Na farko na 2018 ne, kaburbura cike da fili. Na biyu bayan 2019, fili a share, gefe guda an mayar da shi wurin ajiye motoci.

Saƙon ya nuna ya buɗe. Yau kwana biyar ke nan ina jiran amsarsa.